RA'AYI: Na'urar Da Ba Ta Sallama: Sirrin Mutanen Nguru Da Gashuwa Na Hannun Masu Sa Hannu A Abuja

A watan Agustan 2025 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'urar POS da ke aiki a ƙasar nan da wurin da aka yi mata rajista, ta yadda za a riƙa tabbatar da inda take ta hanyar tauraron ɗan'adam a duk lokacin da aka ciri kuɗi ko aka tura. Manufar ita ce toshe kafar damfara, kuma babu mai hankalin da zai ƙi wannan. Sai dai umarnin yana da wata fuskar da ba a cika dubawa ba. Mai sayar da bandar kifi a Gashuwa da dillalin dabbobi a kasuwar Nguru, kowace mu'amala tasu yanzu tana barin sawu uku: nawa ne, yaushe ne, a ina ne. Asusun yana haɗe da lambar BVN wadda aka ƙaddamar a 2014. Layin waya yana haɗe da lambar NIN tun umarnin Disambar 2020. Shi kuwa layin, dare da rana yana sanar da turken sadarwa mafi kusa inda mai shi yake.

Wannan ita ce duniyar da wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Mark Weiser, ya hango tun 1991, lokacin da ya ce wata rana kwamfuta za ta narke cikin kayan yau da kullum har a daina lura da ita. Ranar ta zo, kuma ba ta tsaya a manyan birane ba. A arewacin Yobe akwai wayar hannu a aljihu, akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa a wurin rajistar tallafi, akwai BVAS da ta duba fuska da yatsa a zaɓen 2023, akwai ƙananan kwamfutocin hannu na ma'aikatan lafiya masu iya ɗaukar lambar taswirar kowane gida, akwai fitilun sola na biya-sannu-sannu da kamfani ke iya kashewa daga nesa, ga kuma tauraron ɗan'adam da ke ɗaukar hoton gonaki da fadamu. Kowace ɗaya tana da amfaninta. Haɗuwarsu ce ke samar da cikakken hoton rayuwar mutum, hoton da shi kansa bai taɓa gani ba.

Tsarin gidan gargajiya a wannan yanki yana da amsarsa ga tambayar wa zai ga me. Baƙo yana tsayawa a zaure, ya yi sallama, ya jira. Wanda aka yarda da shi ne ke wuce shigifa. Addinin mafi yawan mutanen yankin ya hana bin diddigin asirin jama'a, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da irin wannan kariya ga gidajen 'yan ƙasa da wasiƙunsu da maganganunsu na tarho. Matsalar na'urar zamani ita ce ba ta sallama, ba ta tsayawa a zaure, kuma ba ta mantuwa. Tunda mai gida ba ya ganin shigowarta, ba shi da damar cewa ta dakata. Wanda ke da wannan dama shi ne jami'in da ya rubuta sharuɗɗan kwangila, da daraktan da ya amince da su, da hadimin da ya kai fayil gaban maigidansa. Sirrin mutanen Nguru da Gashuwa a kan waɗannan tebura ake tsare shi ko a sarayar da shi, tun kafin a kafa na'urar farko.

Akwai jumla guda da ke yawan kashe bakin masu tambaya a wurin taro: an cire sunaye. Wannan jumla ba ta da ƙarfin da ake zato. A 2013 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Yves-Alexandre de Montjoye suka binciki bayanan zirga-zirgar masu waya miliyan 1.5 na tsawon wata 15, bayanan da babu suna ko ɗaya a cikinsu. Suka gano cewa wurare huɗu kacal tare da lokutan da aka je su sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen, kowa daban da kowa. Kafin su, Latanya Sweeney ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar shiyyar gidan waya sun isa a gane kimanin kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka. Idan haka abin yake a ƙasashe masu miliyoyin mutanen da ba su san juna ba, yaya zai kasance a ƙananan hukumomin Bade da Nguru, waɗanda a ƙidayar 2006 kowace ba ta kai mutum 200,000 ba, inda unguwa da sana'a da shekaru suka isa a ce ai wane ne ɗan gidan wane?

Babu inda wannan ya fi tsanani kamar batun ciwon ƙoda. Shekaru da dama ke nan mutanen Gashuwa da kewayenta suna fama da yawaitar wannan cuta fiye da abin da aka saba gani a wasu wurare, har ta zama abin da ake ambata da zarar an ambaci garin. Masana sun karkata zargi ga ruwan sha da sinadaran noma da tsananin zafi. Gwamnatin Jihar Yobe ta ɗauki nauyin bincike, kuma cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa ta, tana cikin masu wannan aiki tare da abokan hulɗa na waje. Aiki ne na ceton rai, ya cancanci kowane irin goyon baya. Irinsa kuma ba ya yiwuwa sai da jini da fitsari da samfurin ruwa da tarihin iyali da sanin rijiyar da kowane gida ke sha. Wato mafi tsadar bayanan da ɗan'adam ya mallaka.

A ƙaddara taswirar irin wannan bincike ta fita daga hannun masu amana, mai ɗigo ja a kan kowane gidan da aka samu alamar cutar. Ba a rubuta sunan kowa ba, amma duk ɗan gari zai karanta ta kamar wasiƙa. A wurin da ake binciken asali da lafiyar dangi kafin a ba da aure, ɗigo ɗaya ya isa ya hana yarinya miji. Ɗan kasuwar da ke karɓar kaya bashi bisa yarda zai iya wayar gari ya tarar an daina ba shi. Mai neman aiki zai iya rasa gurbi ba tare da an gaya masa dalili ba. Cutarwar da ke biyo bayan tonuwar bayanai ba ta zuwa da ƙara, shi ya sa ba ta shiga rahoto. Kuma ba ta da magani, domin mutum yana iya canza lambar sirrin asusunsa, amma ba ya iya canza zanen yatsarsa ko ƙwayoyin halittar da ya gada.

Jumla ta biyu da ake fakewa da ita ita ce: ai sun amince. A daminar 2022 ambaliya ta mamaye sassan Gashuwa da garuruwan da ke bakin kogi, dubban mutane suka rasa muhalli da amfanin gona. A irin wannan hali ne ake jera mutane a layi, a ɗauki suna da lambar waya da hoto da adadin 'ya'ya, wani lokaci har da zanen yatsa, kafin a miƙa buhun hatsi. Matar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, idan ta dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci alhali harshenta Bade ne ko Manga ko Fulatanci, abin da ta yi miƙa wuya ne. Amincewa tana da ma'ana ne kawai idan mutum zai iya cewa a'a, kuma ya samu haƙƙinsa duk da haka.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa gargaɗi. A Yunin 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta tattara a Bangaladesh sun isa hannun gwamnatin Myanmar, ƙasar da suka gudo daga cikinta, kuma da yawansu ba su fahimci hakan zai faru ba, ko da yake hukumar ta ce ta nemi izininsu. A Agustan 2021 na'urorin ɗaukar zanen yatsa da ƙwayar ido na sojojin Amurka suka faɗa hannun Taliban a Afghanistan. A Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya ya sanar da cewa an yi kutse cikin bayanan mutane sama da 515,000. Babu ɗayan waɗannan rumbunan da aka gina da nufin cutar da waɗanda ke cikinsu. Rumbun bayanai yakan fi niyyar wanda ya gina shi tsawon rai.

Hujja mafi nauyi a ɓangaren masu son a tara komai ita ce tsaro, kuma ba hujjar da za a yi wa shagube ba ce. Yobe ta ɗanɗani abin da wasu jihohi ke ji a labari kawai. A Satumbar 2012 'yan Boko Haram suka ƙona turakun sadarwa a jihohi da dama na Arewa, har da Yobe, bisa zargin kamfanonin suna taimaka wa jami'an tsaro gano inda suke. Bayan dokar ta-ɓacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ranar 14 ga Mayun 2013, an katse layukan waya a jihar na kimanin wata biyu. Mutanen wannan yanki sun san darajar bayanan sadarwa wajen farautar mai laifi. Amma wannan tarihin ne kuma ke nuna ɗaya gefen wuƙar. A inda ake kashe mutum saboda zargin yana kai rahoto, jerin sunayen masu karɓar tallafin gwamnati ko masu aikin sa-kai ko masu yawan kiran wani ofishi jerin rayuka ne. Tara bayanai barkatai ba tare da tsaro mai ƙarfi ba tara wa maƙiyi makami ne.

Ma'aikatan tarayya sun fi kowa sanin yadda ake riƙon irin waɗannan kayayyaki. Aikin kyamarorin tsaro da aka ba kamfanin ZTE a 2010 a kan dala miliyan 470, mafi yawansu bashi daga Sin, ya bar sanduna a titunan Abuja da ba su tsare kowa ba. A 2024 kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi bayanan NIN na Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, da na shugaban hukumar kare bayanai kansa, Vincent Olatunji, a wani shafin intanet a kan naira 100 kowanne. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da an ɗauki maganarta yadda take, darasin yana nan: bayanai suna tsiyaya ta hannun wakilai da 'yan kwangila da waɗanda aka ba lasisin tantancewa. Idan bayanan minista sun kai wannan araha, nawa ne farashin na masunci a Dagona?

Ba doka aka rasa ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma shimfiɗa ƙa'idoji a sarari. Sashe na 24 ya ce a tattara bayanai don manufa bayyananniya, a tsaya ga mafi ƙarancin abin da manufar ke buƙata, kada a ajiye su fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Sashe na 28 ya wajabta nazarin illa kafin a fara duk aikin da ke da babban haɗari ga mutane. Sashe na 30 ya tsaurara sharuɗɗa a kan bayanai masu tsananin sirri, irin na lafiya da ƙwayoyin halitta da zanen yatsa da ƙabila da addini. Sashe na 40 ya ba da awa 72 a sanar da hukumar idan an samu tonuwar da ka iya cutar da mutane. Ko sassaucin da sashe na 3 ya yi wa hukumomin tsaro bai ɗauke masu nauyin sashe na 24 da na 40 ba, abin da da yawa daga masu fakewa da sunan tsaro ba su karanta ba.

Hukumar ta nuna tana da haƙora. Ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity a 2024, da ta naira miliyan 766 a kan Multichoice a 2025. Sai dai waɗannan kamfanoni ne masu lauyoyi da abokan hulɗar da suka san hanyar kai ƙara. A arewacin Yobe manyan masu tattara bayanai su ne ma'aikatu da hukumomin gwamnati da abokan aikinsu, kuma wanda aka cutar bai san an cutar da shi ba, balle ya san akwai ofishin da zai rubuta wa a Abuja. Tsarin da ke jiran ƙorafi kafin ya motsa ba zai taɓa jin muryar Nguru ba. Saboda haka dole ne kariyar ta shiga cikin aikin tun daga zanensa, a hannun waɗanda ke riƙe da biro.

Tambaya ta farko da ya kamata a yi wa kowace takardar neman amincewa ita ce: ina aka auna na'urar, kan abu ko kan mutum? Wannan yanki yana da ƙishirwar na'urorin da ke kallon abu. A kusa da Gashuwa ne ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, abin da ake saki daga can yana cikin abin da ke tantance ko fadama za ta cika ko za ta bushe. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi inda ba a so. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta shigar cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000. Ma'aunin da ke sanar da tashin kogi awa-awa, da na'urar gwada ingancin ruwan burtsatse, da tashar auna zafi da ruwan sama, duk suna ceton rai ba tare da sun san sunan kowa ba. Irin waɗannan ne ya kamata su fara cin kasafi.

Inda kuwa aikin ba ya yiwuwa sai da bayanan mutane, hanyoyin rage haɗari sanannu ne kuma ba su da tsada. A ware sunaye daga sakamakon gwaji, a ajiye mabuɗin da ke haɗa su a hannun mutane ƙalilan da aka san su da suna. A wallafa taswira a matakin gunduma maimakon gida-gida, kuma duk inda adadin mutane ya yi kaɗan har za a iya gane su, a haɗe shi da na maƙwabta. A bar na'ura ta yi tantancewarta a wurin, ta aika da amsar e ko a'a maimakon ta aika da hoton fuska ko zanen yatsa zuwa wani rumbu mai nisa. A rubuta ranar goge bayanai cikin kwangila, tare da wanda zai tabbatar an goge. A fayyace a rubuce wa ke da mallakin bayanan idan ɗan kwangila ya tafi ko mai ba da tallafi ya rufe shirinsa, da wace ƙasa za a kai samfurin jini da sakamakonsa. A ajiye rajistar duk wanda ya buɗe fayil da dalilinsa.

Sauran aikin na ƙasa ne. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, hukumomin tarayya ne da ke tsakiyar waɗannan al'ummomi, kuma za su iya zama ƙofar da ake kai koke da baki ba sai da wasiƙa ba. Bayanin abin da ake ɗauka da dalilinsa ya kamata ya isa ga jama'a da Hausa da Bade da Manga da Fulatanci, ta rediyo da ta bakin masu unguwanni da limamai, tare da sanin masarautun Bade da Nguru. Duk shirin tallafi ya tanadi wata hanya ga wanda ya ƙi ba da yatsa ko wanda aikin noma da su ya shafe masa zanen yatsa, domin kada kariyar sirri ko gazawar na'ura ta zama dalilin kwana da yunwa.

Wanda ke ganin duk wannan jinkirta aiki ne ya tuna Kano. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar takaddama a kan ko an nemi cikakken izinin iyaye, takaddamar da ta kai ga sulhun dala miliyan 75 da jihar a 2009. Wannan rauni yana cikin abin da ya ƙarfafa jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 har zuwa Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har Yemen da Indunusiya, kuma sai a Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Yarda ce jarin duk wani aikin lafiya da na tsaro, kuma idan ta zube ba a kwashe ta da kasafin shekara ɗaya.

Binciken ciwon ƙoda a Gashuwa zai ɗauki shekaru, kuma nasararsa ta rataya ne a kan mutane su ci gaba da buɗe ƙofa su miƙa hannu a ɗebi jini. Haka gargaɗin ambaliya, haka rajistar tallafi, haka rahoton sirri ga jami'an tsaro. Tonuwar asiri guda ɗaya da aka gani da ido ta isa ta rufe dukan waɗannan ƙofofi lokaci guda. Jami'in da ya mayar da fayil baya don a amsa masa me za a ɗauka, wa zai gani, yaushe za a goge, ƙila a ce ya cika tsanani. Amma shi ne ya yi sallamar da na'urar ba za ta iya yi ba, a madadin mutanen da ba za su taɓa sanin sunansa ba.